Ajidan Illo Mai Zungurar Ƙasa

Duk wanda ya san Kawu Illo ya san sandar ƙarfen nan tashi. Daga ƙofar gida zuwa masallaci taki arba'in ne, amma sai ya zunguri ƙasa sau goma kafin ya isa. Liman ya yi ruku'u, Kawu na can yana binciken kashin jaki. Shekara ashirin da wani abu ya yi a soja yana tono nakiyoyin da ake binnewa a hanya, har ya kai muƙamin ajidan. Da ya ajiye kaki ya dawo Dakoro, ƴan gari suka laƙa mishi "Ajidan Zungure". Ni ɗan ƙanwarshi ne, kuma har yau in na tuna dariyar da aka yi mishi raina ɓaci yake.

Ba na ce bai ba da dariya ba fa. Kun tuna ranar kasuwar da ya tsayar da kamiyo, babbar motar zuwa Azagor? Muna ciki, an yi lodin awaki da mutane, sai ya hango wani bido, wato jarka, mai ruwan ɗorawa yashe a bakin hanya.

"Direba, tsaya! Kowa ya sauka, taki ɗari baya!"

"Haba Ajidan, kasuwa za ta watse!"

"Gara ita ta watse da kai ka watse."

Ya kwanta rub da ciki, tsoho da furfura, yana jan jiki cikin ƙarangiya. Muna nan rana na gasa mu sai ga wata Bafillatana ta fito daga bayan geza, ta ɗauki bidonta ta aza a ka. Nono ne! Kamiyo ya ɗauki shewa. Kawu ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya shinshina bidon, ya ce, "Kun ji tsamin nan? Shi ma saura kaɗan ya fashe."

Sai ranar sunan jikan Alhaji Mamane, maƙwabcinmu. Aka ɗauko wani mai hoto daga Maraɗi da ɗan jirginshi maras matuƙi, wai dron, yana shawagi bisa kan mata yana zuuu kamar rina. Kawu ya taɓa faɗa mana irinsu ne miyagu ke ɗaura ma gurneti su sako ma sojoji. Nan take ya miƙe. Ya cire rawaninshi, ya ƙulla dutse a baki, ya wulwula. Tim! Jirgi ya faɗo cikin tukunyar miya.

Mai hoto ya zo yana kumfar baki: "Baba, wannan kyamara ce!"

"Ta yi sallama?"

"Wa?"

"Kyamarar. Abin da ya shigo gidan mutane ta sama ba sallama, shaho ne. Shaho kuwa jifa ake."

Wata uku Alhaji Mamane bai amsa gaisuwarshi ba.

Amma ga inda nake jin haushi. Sojoji sun zo taron wayar da kai, wani matashin hafsa, liyotana, ya nuna mana na'urar da ke kuka in ta ji ƙarfe a ƙasa, da wata mai katse magana tsakanin dron da mai tuƙa shi. Kawu ya ɗaga hannu.

"Ɗana, kayanka sun yi kyau. Guda nawa gare ku? Hanyoyin daji kuma guda nawa ne? Ku koya ma makiyaya su gane ƙasar da aka tona. Su ke fara taka ta da asuba."

Liyotana dai ya rubuta. Mutanenmu kuwa, ƴan uwanshi da ya sha fura da su, suka fashe da dariya, wani har yana cewa, "A kawo mishi bidon nono!" Wallahi na ji kamar in tashi da mari.

Bai fasa ba. Duk ranar kasuwa yana kara, wurin masu shanu, yana zana musu a ƙasa: ga rairayi mai sabon launi, ga waya, kar ka taɓa, kar ka kira salula kusa, ja da baya kan sawunka. Wani Buzu, Agali, da ke zaman sauraronshi, shi ya hangi bakin waya a hanyar wata rijiya can arewa. Ya juya raƙumanshi, ya kai labari. Sojoji suka zo suka tayar da nakiyar. Ramin da ya bari sai ya haɗiye amalanke. Hanyar da mata ke bi ɗibar ruwa! Wane irin la'ananne ne ke binne wuta a hanyar rijiya? Su kuma masu dariya, ko mutum ɗaya bai tako ya ce "Ajidan, yi haƙuri" ba. Agali ne kaɗai ya zo da cuku biyu. Kawu ya karɓa, ya ce ya yi gishiri.

Ranar da ya rasu, da muka zo yi mishi wanka, na fara ganin bayanshi: tabo ne tun daga kafaɗa har ƙugu, kamar an watsa mishi garwashi. Ko uwata ba ta san da shi ba.

Allah ka jiƙan Kawu Illo. Ƙasar da ya tsare ma bayinka sharrinta, ka sa ta yi mishi sanyi. Amin.