Ranar da Mai Katifa Ya Yanka Katifar Auta

Idan ka bi layin masu gyaran kujeru har ƙarshe, inda warin gam ke tarbar mutum tun daga nesa, nan ne shagon Mai Katifa. Dogo ne siriri, kullum da tef ɗin awo rataye a wuya da guntun alli a bayan kunne, gashin hannunsa duk ya manne da busasshen gam. Tun yana saurayi yake wannan sana'a. Da cusa auduga ya fara, da soso ya shigo gari ya koma soso, bai taɓa waiwayar wani aiki ba. Ka kawo masa katifar da ta lotsa, ya danna ta da tafin hannu, ya gaya maka ta wane gefe kake kwanciya. Wannan ma in ya ga damar buɗe baki ke nan.

Don mutumin nan ba ya magana, kuma ba fushi ba ne, haka Allah ya yi shi. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, takan ce ita dai bango aka aura mata, sai dai bangon yana cin abinci. Ita ke yin surutun gidan, nata da nasa. In abu ya yi masa daɗi, ba zai ce ya yi daɗi ba, sai dai ka wayi gari ka ga an sake wa kujerarka yadi. In ya ɓata wa Inna rai, ba ban haƙuri, sabon filo za ta tarar a kan gado. Filon gidan nan sun fi kawunan gidan yawa.

'Ya'yansu maza biyu sun girma sun kama gabansu, ɗaya yana tuƙa babbar mota, ɗayan ya yi aure a wani gari. Saura Auta. Ita kuwa bakin uwarta ta ɗauko. Kullum in an tashi daga makaranta ba ta zarcewa gida, shago take biyowa, ta haye tulin soso ta zauna tana kaɗa ƙafa, ta zuba masa labarin malamai da na ƙawaye, yana taka keken ɗinki yana cewa "uhm". Da idonsa ya fara rauni, ita ke zura masa zare a allura ba tare da ya roƙa ba. Wannan zaman na yamma shi ne abin da ya fi so a duniya, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba, har ita.

Tun tana ƙarama Auta birgima take a barci, ta sha faɗowa daga gado. Shi ya sa da ta tasa ya zaɓi soson da ya fi kowane kyau a shagon, ya yi mata katifa mai faɗi, wadda mutum biyu za su kwanta su yi gaba ba su taɓa juna ba. Kafinta ya yi gado daidai da ita, gadon ya cinye rabin ɗakin.

Ranar da Auta ta ga a waya an ɗauke ta jami'a, Mai Katifa har murmushi ya yi haƙori a waje. Jami'ar a garinsu take, can ɗaya ƙarshen. Shi a lissafinsa magana ta ƙare: da safe ta tafi, da yamma ta biyo shago. Sai Inna ta ce masa suna cin abinci, "Ka san dai akwai maganar hostal ko?"

Ya ɗago. "Wane hostal?"

"Ɗakin kwanan ɗalibai mana. Ƙawarta ma can za ta zauna."

"Ƙawarta ba a bayan layinmu suke ba?"

"A nan suke."

Lomar ta tsaya masa a hannu. Yaro da gidan ubansa, da ɗakinsa, da gadonsa, a gari ɗaya, ya kwashi kaya ya je ya kwana cikin baƙi? Shi dai bai taɓa jin wannan ba. Ya ɗauka hostal na waɗanda suka zo daga nesa ne, marasa kowa a gari. Inna ta yi ta bayani, mota biyu ake shiga kafin a kai, ga cunkoso, ga darasin sassafe. Bai ji rabin abin da ta ce ba.

Washegari Auta ta zo shago, ta hau soso, amma ba ta kaɗa ƙafa ba. Ta ce, "Baba, an ce kowa ya zaɓa, gida ko hostal. Kai me ka gani?"

Ga tambaya ta zo har inda yake zaune. Kalma biyu ce amsar, ki zauna, kuma tana nan a kan harshensa. Amma bawan Allahn nan ya sunkuyar da kai kan keke ya ce, "Duk yadda kika gani, Auta." Ta dube shi ta daɗe, ta zura masa zare, ta tafi gida. Wallahi wani shirun ba haƙuri ba ne, cuta ce.

Makon rajista ya zo, ta fara zirga-zirga. Ranar farko ta dawo igiyar takalminta a tsinke, an take ta wajen rububin mota. Wata ranar kuma ya shigo gida ya tarar da ita zaune a falo, kwano a cinya, cokali a hannu, barci ya kwashe ta. Ya tsaya a kanta yana kallonta. Inna ta ja shi gefe ta ce ƙasa-ƙasa, "Ka gani ko? Yarinyar nan tafiya take so, nauyinka take ji. Ba za ta iya kallon idonka ta faɗa ba."

Inna ba ta tambayi Auta ba, hasashenta ne kawai. Shi ma bai tambaya ba. Ya ɗauki maganar ya haɗiye ta ɗanya.

Da safe ya rufe shago bai gaya wa kowa ba, ya shiga motocin nan biyu da kansa. Kafin ya sauka gwiwoyinsa sun sage. Ɗalibai ba su dawo daga hutu ba tukuna, matar da ke kula da ɗakunan 'yan mata ta ga dattijo da tef a wuya, ta ɗauka an turo shi aiki ne, ta buɗe masa ɗaki ɗaya.

Ya tsaya a bakin ƙofa baki buɗe. Gadajen ƙarfe ne masu hawa biyu, an jera su kamar kantocin shago. A kan ɗaya akwai tsohuwar katifar da wata ta bari. Ya ɗaga ta da yatsu biyu, ta lanƙwashe, da ita da tabarma duk ɗaya. Ya ce, "A kan wannan 'ya'yan mutane ke kwana?"

Matar ta ce, "Kowa da tasa yake zuwa, Baba, in dai za ta shiga gadon."

Ya ja tef ya auna tsawo, ya auna faɗi. Ya sake aunawa, don bai yarda da tef ɗin ba. Faɗin gadon da ƙyar ya wuce rabin na Auta. Ya rubuta awon da alli a cikin tafin hannunsa, ya dunƙule hannun har gida.

A mota ya yanke shawara. Tunda tafiya take so kuma shi ne ya tare mata hanya, zai ɗauke mata nauyin faɗa. Ba zai iya cewa na yarda ki tafi ba, bakinsa ba zai furta ba. Amma ya san yadda zai faɗa da hannu, kuma 'yarsa ba za ta kwanta a kan soson kasuwa ba yana raye.

Ya tarar Inna ta je unguwa, Auta ta fita da ƙawarta. Ya shiga ɗakinta ya yaye zanin gado, ya naɗe katifar ya ɗaure, ya ɗora a ka har shago. Ya farke rigar katifar, ya ja layi da alli, ya wasa doguwar wuƙarsa. Shekara da shekaru yana yankan soso, amma ranar sai da ya ajiye wuƙar ya goge tafinsa a riga. Sannan ya yanka, tsaf, daga sama har ƙasa. Ya ɗinka mata sabuwar riga mai zik, wadda za a iya cirewa a wanke, ya mayar da ita gida kafin la'asar.

Da ya shimfiɗa ta a gadon, katakai suka fito fili a gefe guda. Inna ta dawo ta leƙo, ta dafe ƙirji. "Malam, me ka yi haka?"

Kafin ya amsa sai ga Auta ta shigo da sallama, fuskarta a sake, da ledar lemo a hannu. Tana cewa, "Baba, na biya shago ba ka..." sai idonta ya sauka kan gadon. Maganar ta mutu a nan. Ta dubi katifar, ta dubi katakan, ta dube shi.

"Baba, katifata ce wannan?"

"Ita ce. Na je can na auno gadon. Za ta shiga daidai."

"Har can ka je?"

"Uhm."

Ta ajiye ledar a ƙasa a hankali. Ta ce, "To. Na gode, Baba." Muryar ba tata ba ce, amma shi ya ɗauka daɗi ne ya rufe mata baki. Ya fita yana jin ya yi abin kirki, ko da yake zuciyarsa ciwo take.

Daga ranar ba ta ƙara biyowa shago ba. Ya ce a ransa haɗa kaya take. Ya riƙa fama da allura shi kaɗai, yana kai ta bakin ƙofa wajen haske, zaren yana kaucewa.

Ranar tarewa shi ya ɗauki katifar a ka har bene. Ya sake ta cikin gadon ƙarfen ta zauna ɗas, ko yatsa ba zai shiga gefenta ba. Uwar wata yarinya ta danna ta, ta tambayi inda aka sayo. Ɗakin ya cika da hayaniya, 'yan mata suna rabon ƙusoshin rataye kaya, wata tana dariya tun ba a gama ba ta labari ba. Auta ta samu gadon ƙasa, kusa da taga. Ya ga tana jera littattafanta a kan dakalin tagar, tana amsa wa wannan tana tsokanar waccan, kamar ta shekara da saninsu.

Inna ta tsaya yi wa yaran nasiha, Auta ta rako shi ƙasa. A gindin matakala ta tsaya, tana murza gefen mayafinta.

"Baba, in tambaye ka? Na dame ka ne a shago?"

Ya juyo gaba ɗaya. "Wa ya ce?"

"Ba wanda ya ce. Ranar nan da na zo da lemo, zuwa na yi in gaya muku na zaɓi gida. Na ce wahalar mota ba ta kisa, zan saba. Na biya shago don kai nake so ka fara ji. Sai na tarar ka riga ka yanka. Na ce ashe Baba ya gaji da ni, kunyar faɗa yake."

Mai Katifa ya kama ƙarfen matakalar. Mutane suna wucewa da bokitai da akwatuna, suna ce masa gafara, bai ji su ba. Ashe zama za ta yi. Ashe da ya bar wuƙar nan a inda take na yini ɗaya tak, da yanzu tana gida. Ba Inna ba, ba jami'a ba, ba ƙawa ba, shi da hannunsa ya fitar da ita. Garin neman gira ya rasa ido.

Sai maganar ta ɓalle masa, irin yadda bai taɓa yi ba. "Guntun yana nan, Auta, ban yar ba, yana bayan keke. Soso ana haɗa shi. In na sa gam na danne shi ya kwana, ko ke ba za ki gane wurin ba. Mu hau mu ɗauko ta yanzu. Ni ban gaji da ke ba. Ban so ki tafi ba, ko kaɗan ban so ba. Tun da kika daina zuwa, shagon nan ba ya zaunuwa."

Idonta ya kawo ruwa. Tunda take ba ta taɓa jin magana mai tsawon haka daga bakinsa ba. Ta ce, "Da ka faɗa, Baba. Ai na tambaye ka."

"Ga shi na faɗa."

Ta ɗaga kai ta dubi benen, inda ake jiyo dariyar 'yan ɗakinsu, sannan ta dawo da ido kansa. Auta ba ta iya ƙarya ba, shi ya sani.

"Kwanakin farko kuka na yi ta yi. Daga baya na zo na ga ɗakin, na shiga laburare, na ga daga gadona zuwa aji tafiyar ƙafa ce. Sai na ji ina so. Yanzu in na ce maka gida nake so, na yi maka ƙarya." Ta share ido da bayan hannu. "Ka bar ta haka, Baba. Zan riƙa zuwa ƙarshen mako."

Daga sama wata ta leƙo ta taga tana kiranta, wai ta zo ta zaɓi wurin ajiye akwati kafin a cinye. Auta ta riƙe hannunsa mai kaushin gam da hannayenta biyu, ta matse, ta saki, ta hau da sauri.

Da Inna ta sauko ta same shi a inda aka bar shi, riƙe da ƙarfen. Ta ce, "Ka ga yadda katifar ta zauna kuwa? Kowa sai yabawa yake. Kai dai ka iya awo."

Ya ce, "Uhm." Suka nufi tashar motar farko.