Gwangwanin Allura a Kan Tabarma

A bakin titin Unguwar Sarki, wani mutum ya jingine babur ɗinsa Besfa ya tsuguna gaban tsoho mai saiwoyi. Kaftaninsa ya sha guga amma ya yi masa yawa, agogo ma zamewa yake yi a hannunsa. Da ganinsa ma'aikacin gwamnati ne, ciwon sukari ya cinye shi. Sai lasar busassun leɓɓansa yake yi.

"Baba, likita ya ce sukarin yana nan jibge a jinina, naman jikina ne ba ya iya ɗauka sai da allura," in ji shi.

Tsohon ya miƙa masa ɓawon maɗaci. "Ɗana, ɗaci ke kashe zaƙi. Jiƙa ka sha, ka huta da huda kanka."

Mutumin ya zaro gwangwanin sirinjinsa daga aljihu ya ajiye kan tabarma, ya cusa ɓawon a gurbinsa. Da alama ya gaji da tafasa allura kullum safiya, 'ya'yansa suna kallo.

Ya tayar da Besfa, ƙafa ɗaya a ƙasa, ya waiwayi gwangwanin ya daɗe. Ba mantuwa ya yi ba. Ya ɗage ƙafar, ya tafi ya bar shi nan.