Jinjina ga Baba Sikiru, Mai Ɗanɗanawa Kafin Baƙo Ya Ci

Duk mai fita da sassafe a Kwaciri ya san Baba Sikiru. Da an sallame asuba zai kama hanya a ƙafa. Ba ya hawa adaidaita sahu, domin a ganinsa wanda aka ɗauko bai ga gari ba, an dai wuce da shi ta ciki. Zai tsaya wurin mai ƙosai a Fagge ya ci guda ɗaya, ya yagi gefen gurasa a gaba, ya ratsa cunkoson Bata, ya shiga Sabon Gari ya lashi miya, ya gutsuri okpa, wato alalar gurjiya irin ta Ibo. Wanda bai sani ba sai ya ce kwaɗayi ne ya yi wa tsoho yawa.

Aiki yake yi. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana zagayawa da baƙi a ƙafa: masu bincike, fatake, 'yan bautar ƙasa. Yana nuna musu rumfunan atamfa na Kwari, da tsofaffin gidajen Sabon Gari, da lungun da aka haife shi bayan mahaifinsa ya zo daga Ogbomosho, sannan ya zaunar da su kan benci su ci abincin gari. Ƙa'idarsa guda ce, kuma ya faɗe ta har an gaji da ji: “Abin da bai shiga bakina yau ba, ba zai shiga bakin baƙona ba.” Shi ya sa da azumi ba ya karɓar kowa.

Ƙa'idar ba ta san dangi ba. Mutanen Fagge sun shaida ranar da ya wuce da baƙi ta gaban Huseina mai waina, surukarsa, ko waiwaye bai yi ba, don da safe ya ji man suyarta ya sauya. Wata biyu ba ta gaishe shi ba. Bai ba ta haƙuri ba, ita ce ta sake mai.

Bara likita ya ce masa hawan jini da ciwon suga sun haɗu, kuma in yana son ƙafafun nan su ci gaba da ɗaukarsa, ya rabu da mai da gishiri. Gargaɗin ya zo daidai da zuwan wata malamar makaranta daga tsibirin Trinidad, wadda ya riga ya yi wa alkawari. A garinsu ma, in ji ta, ana soya wani abu mai kama da ƙosai, tana so ta ci na nan.

“Baban Waliu, kai ta kawai,” in ji matarsa Mulikat. “Wa zai san ba ka ɗanɗana ba?”

“Ni zan sani.”

“To in ka ɗanɗana, ni ba zan yi jinyar mai taurin kai ba.”

Ya ji tsoro ranar, kuma bai ɓoye ba. In ya ci, ya taɓa lafiyarsa. In bai ci ba, ya karya maganar da ya tsaya a kai rabin rayuwarsa. Da baƙuwar ta iso sai ya faɗa mata gaskiya, suka fita. A kowace rumfa yakan ce da mai abincin ta fara ci a gabansu. Mai ƙosai ta yi dariya ta ci, baƙuwa ta ci har uku.

A Sabon Gari suka isa wurin Chinyere mai okpa.

“Maman Favour, yau ke ce bakina,” in ji shi.

“Haba Baba! Shekara nawa kana cin abincina?”

“Na jiya na sani. Na yau ne ban sani ba.”

Ta kwance ɗaya ta kai baki. Ta tauna, ta sake gutsura. Ga masu saye sun yi layi, kuma babu wanda zai musa mata in ta ce lafiya lau. Sai ta ɗauki murfi ta rufe tukunyar.

“Ƙullin ya fara tsami,” in ji ta. “Yau ba na sayarwa. Kai ta wurin Ifunanya, nata ya yi kyau.”

Ifunanya kuwa ita ce wadda suke gasar ciniki da ita a layin.

Da ya koma gida, Mulikat ta ajiye masa dafaffen ganye ba gishiri, ta tambaye shi yadda aka yi. Ya ce, “Sun iya. Ba sai da ni ba.” Daɗi ya ji, ya kuma ji zafi. Tun ranar bai sake karɓar baƙo ba.

Baba Sikiru, kai ne ka sa cikinka a gaban na baƙo har ya gaji. Kai ne ka sa mai abinci ta ji kunyar tukunyarta alhali ba wanda ya kama ta. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Saura mu, masu ɗinki da masu gyara da masu koyarwa: kafin mu miƙa wa wani aikinmu, mu fara gwada shi a kanmu.