Tiyo Huɗu na Kawu Ɗanlami

Warin jiƙaƙƙiyar roba shi yake tashina ranar Lahadi a gidan Kawu Ɗanlami. Yakan riga ƙamshin shayi shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, tare da ƙarar famfo yana zuba a bahon wanka. Ku da kuka taɓa kwana a gidan nan na University Heights kun san layin da ake yi a bakin banɗaki, kowa da buroshi a hannu, Kawu yana ciki a durƙushe yana yi wa tiyo wanka.

Tiyo huɗu ne, baƙaƙe, masu kawunan ƙarfe. Ta cikinsu iska take bi daga tukunyar da mai nutso yake goyawa a baya. Kawu mutumin Yauri ne, ya yi ƙuruciyarsa yana nutso ƙarƙashin jiragen ruwa a Legas, yana kankare musu ciki. Da ya zo New York sai ya zama mai kula da gini, ya koma gyaran famfo da fitar da shara. Ni ɗiyar ƙanwarsa ce. Karatu ya kawo ni, shi da matarsa Anti Rabi suka ba ni ɗaki, don Allah bai ba su haihuwa ba.

Wata Lahadi Anti Rabi ta gaji da jira, ta buga ƙofar.

"Malam, me kake wankewa ne wai? Rabon abin nan da teku an fi shekara ashirin."

"Gishiri nake wankewa."

"Wane gishirin?"

"Wanda ake watsa wa titi in an yi ƙanƙara. Ke kina tsammanin a titi yake tsayawa?"

A watan Agusta aka yi wannan hirar, ana tsakiyar zafi.

In ya gama ɗauraya sai ya rataye su a miƙe cikin kabad ɗin ɗakin baƙi, cikin duhu. Rigunan sanyinmu kuwa kan kujera suke kwana. Rana ba ta shiga ɗakin, turaren wutar Anti Rabi ba ya shiga, hita ma a kashe take, wai zafi yana busar da roba. Mutumin da makullin tukunyar ɗumama ginin gaba ɗaya yake aljihunsa, shi ne mai ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a unguwar. Da Alhaji Mudi, abokin Kawu, ya zo daga Kano ganin likita a tsakiyar hunturu, nan aka sauke shi. Da safe ya fito naɗe da bargo biyu, leɓensa yana rawa.

"Ɗanlami, laifin me na yi maka?"

"Alhaji, ga shayi nan. Kai in ka sha za ka dawo daidai. Roba in ta tsage ba ta shan shayi."

Sau ɗaya na taɓa su ba da izini ba. Za a yi wa ɗakin fenti, na ce bari in taimaka. Na sauko da su, na naɗe su tamau kamar wayar caja, har na ɗaure da kyauro don su yi kyau. Da ya shigo na zaci zai yi faɗa. Zama ya yi a ƙasa, ya warware su ɗaya bayan ɗaya, yana shafa su kamar mai duba ƙafar yaron da ya faɗi. Ya nuna mini wurin da roba ta haɗu da ƙarfe.

"Zulai, nan ne ba a lanƙwasawa. In dole ta sa za ki naɗe, ki yi da'ira mai faɗi kamar farantin baƙi. Can ƙasa ba wanda za ki ce wa ya ara miki numfashi."

Daga nan ya shiga ba ni labarin ƙasan ruwa, yadda haske yake sauka kore-kore, yadda ba ka jin komai sai numfashinka. Ni kuma da son irin wannan zance, na saki baki. Ya ga idona, ya ce akwai wurin koyon iyo kusa da mu, akwai ranar mata zalla, ya riga ya tambaya. In na iya iyo, sauran nasa ne. Ya ce duk abin da ke kansa ba ya so ya tafi da shi kabari.

Tsoron ruwa nake yi, ban kuma iya faɗa masa ba. Na ce, "Bayan jarrabawa, Kawu."

Na faɗi haka a shekarar farko, na maimaita a ta biyu. Bai taɓa matsa mini ba. Sai dai in ya ga na ajiye littafi ya ce, "Malama, an gama?" Ni kuma in ce saura ɗaya.

A shekara ta uku huhunsa ya kwantar da shi. Ranar da na je asibiti na tarar da shi da siririn tiyon iska a hanci, yana harararsa. Ma'aikaciyar jinya, wata 'yar Ghana mai jin Hausa, ta naɗe rarar tiyon ta soke a gefen gado. Da ƙyar yake magana, amma sai da ya yafito ta.

"'Yata, wa ya koya miki naɗi?"

"Baba, kai dai ka huta."

"Ina zan huta, kin karya mini iska a wuri biyu? Zulai, nuna mata."

Na warware, na yi da'ira mai faɗi. Matar tana dariya, tana cewa yau ta samu sabon shugaba. Ya duba aikina, ya gyaɗa kai. Can ya ce, a hankali, "Jarrabawar nan taki, ba ta ƙarewa ne?"

Na ce, "Ta kusa, Kawu."

Ranar Alhamis ya rasu. Allah Ya jiƙan Kawu Ɗanlami, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa numfashin da ya yi ta tattali ya zama shaida a gare shi. Ni kuma Allah Ya yafe mini.

Bayan shekara biyu Anti Rabi ta yanke shawarar komawa gida Yauri, ta ce in san yadda zan yi da kayan. Na ga sunan wani shagon kayan nutso manne a jikin jakar tiyon, na shiga jirgin ƙasa na kai su can. Na ce wa mai shagon tsofaffi ne, ya duba ko akwai abin da wani zai mora, in babu ya zubar. Ya juya su a hannu, ya tambaye ni ina dattijon mai hula. Na faɗa masa. Sai ya ce ai waɗannan ba tsofaffi ba ne. Kawu ya san tun tuni cewa nasa na Legas sun mutu, ya san kuma likita ya hana shi nutso har abada. Kusan shekara uku kafin rasuwarsa ya zo ya sayi sababbi. Abin sawa a baki ma ƙarami ya nema, da tiyo gajere, wai wadda za ta yi amfani da shi ko kafaɗarsa ba ta kai ba.