Kawu Dakta, Makiyayin Ƙwayar Lantarki

Duk wanda ya san Kawu Dakta ya san mutum biyu ba sa yi masa magana lokaci ɗaya. Ko gaisuwa ce, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Guda-guda." Sunan da ya bi shi ke nan tun daga Dandin Mahe har sakandaren da ya koyar a Boɗinga bayan ya dawo daga Turai.

Ƙanen mahaifiyata ne. A can Turai, aikinsa ƙera wata 'yar ƙofa wadda silin gashi ma ƙato ne a kanta, mai sakin ƙwayar lantarki ɗaya tak a kowane buɗi. Ranar da ya dawo, kakarmu Inna ta zaunar da shi.

"Mamman, wai mi kaka yi can?"

"Kiwo, Inna. Ƙwayar lantarki nika buɗe ma ƙofa tana hita."

"Ana ganinta?"

"A'a."

"Tana ba da nono?"

"A'a, Inna."

Ta dubi mahaifiyata ta ce, "Da mun sani, da awaki munka ba shi."

Bai taɓa kukan zafi ba. Ya ce na'urorinsa ba sa aiki sai cikin sanyin da ƙanƙara ma garwashi ce a gabansa, don haka ya riga ya sha rabonsa na sanyi. Wata bazara wani malami yana ta safa da marwa a ofis, yana fifita yana mita. Kawu ya ce, "Malam, zahi motsi na. Zamna ka yi shiru, garin ya ɗan huce."

Ya sha gaya mana cewa ƙwayar nan takan bi hanya biyu a lokaci guda, ta haɗu da kanta a gaba cikin daidaito, muddin ba abin da ya leƙa ta ko ya taɓa ta. Ana leƙawa, sai ta kama hanya ɗaya, daidaiton ya watse. Mukan yi dariya mu ce boko ya yi wa Kawu yawa.

Da mahaifinmu ya rasu, ni da yayana Sanusi muka saɓa a kan fadamar albasa ta Mandera. Dangi suka rabu biyu, kowa yana zuga nasa, har na fara maganar kotu. Kawu ya aika aka kira mu, ya tura mu zaurensa, ya ja ƙyaure, ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa daga waje ya zauna. Muna ji baffanmu liman ya iso.

"Dakta, ba ni hanya in yi musu nasiha."

"Allah gafarta malam, kana leƙawa kowa za ya kama hanyar shi. Koma gida."

Haka ya mayar da duk wanda ya zo. Mu kuwa muka zauna ba mai kallon wani, har rana ta take. Can Sanusi ya ce rijiyar fadamar tana son yasa. Na ce injin ban-ruwana yana nan ajiye. Daga nan maganar ta saki.

Da muka fito, Kawu bai tambaye mu komai ba. Shekaru suka shuɗe bai tambaya ba. Lokacin da yake jinya na je duba shi, na ce bari in faɗa masa yadda muka ƙare a zauren nan. Ya girgiza kai a hankali.

"Har yanzu tare kuka noma?"

"Tare, Kawu."

"To, kak ka gaya min. Bar ta hakanan."

Allah ya jiƙan Kawu Mamman, ya sanyaya makwancinsa, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mana.