Hannun da Yake Sa Layinmu Shiru

Kafin in buɗe shagon ɗinkina da safe, Baba Mai Birki ya riga ya shige ƙarƙashin mota. Ba na ganin fuskarsa, sai tafin ƙafafunsa da suka leƙo daga ƙasan tirela, da bakin tsohon buhun da yake kwanciya a kai. In na ce, "Baba, ina kwana?" sai ƙafar dama ta ɗan motsa. Amsar ke nan. Shekara da shekaru da ƙafar nan nake gaisawa, kuma ba ta taɓa ƙin amsa mini ba.

Abin da yake fara yi wa kowace mota shi ne ya buɗe ɗan famfon da ke gindin tankin iska. Sai ka ji tsiiit, ruwa da baƙin mai su feso ƙasa. Daga nan ƙasan yake ɗaga murya, "Direba, yaushe rabonka da zubar da ruwan nan?" Direba ya hau sosa ƙeya. Baba ba ya jiran amsa, don ya san ƙarya za a yi masa.

Ni tela ce, ba makanike ba, amma shagona yana kallon garejinsa, mijina kuma direban tirela ne, don haka dole na san wani abu. Babbar mota da iska take tsayawa. Direba ya taka birki, iska ta bi tiyo ta shiga 'yar tukunyar ƙarfe da ke bayan kowace ƙafar mota, ta tura sanda, sandar ta buɗe layinin, wato takalmin birki, ya matse cikin durom, wato ƙaton kaskon ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Iska fa, jama'a! Abin da ba ka gani, ba ka iya damƙa, shi yake riƙe lodin siminti a kan gangara.

Baba yana yin aikinsa ne kamar gobe ba za ta ƙare ba. Zai sa alli a jikin sandar tukunya, ya ce a taka, ya duba iya nisan da ta fito. In ta zarce, ya ɗauki sifana ya ɗaure ajasta mai daidaita birkin, ya sassauta kaɗan, ya sake cewa a taka. In aka cire durom, da farce yake bin cikinsa yana neman zane ko tsagewa. Ƙurar layinin kuwa, wanda ya kuskura ya hure ta da baki a gabansa ya shiga uku. Da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa, don ya ce in ta shiga ƙirji ba ta fita. Dogo, mataimakinsa, wanda shi ma yanzu furfura ta fara cin gemunsa, duk da haka bai wuce a ƙwace tsumma daga hannunsa a nuna masa yadda ake yi ba.

Amma abin da ya sa duk layinmu ya san shi daban ne. In ya gama aiki, sai ya sa a tayar da mota tankuna su cika, a kashe inji, direba ya taka birki ya riƙe. Sannan ya fito tsakiyar hanya ya ɗaga hannu ɗaya sama. Ba ya cewa komai. Mai walda ya kashe injinsa, mai shayi ya rage rediyo, ni ma in ɗauke ƙafa daga keken ɗinki, ko da a tsakiyar wuyan riga nake. Layi ya yi tsit. Sai ya bi motar daga kai har wutsiya, kansa a karkace, yana sauraron inda iska ke zurarewa. In ya tsaya cak ya nuna wuri, Dogo ya shafa ruwan sabulu, wallahi sai ka ga kumfa ta taso. Ba wanda ya taɓa kafa mana wannan doka. Wata rana wani baƙo ya ci gaba da waya da ƙarfi, mai walda ya harare shi har sai da ya kashe wayar ya ba da haƙuri, bai ma san laifin da ya yi ba.

Bayan shirun akwai saura. Baba ba ya sallamar mota sai ya hau ta. Za su zaga da direba ta 'yar gangaren da ke bayan layi, ana taka birki ana saki, su dawo. Ya sauko ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, yana kara bayan hannunsa kusa da kowane durom. Ba mai zafi yake nema ba, mai sanyi yake nema. Yakan ce ƙafar da ta dawo da sanyi ba ta yi aiki ba, ta bar wa 'yan'uwanta kaya, kuma a doguwar gangara su za su ƙone su saki.

Da wannan hannun ya kama maigidana.

Maigidan nawa, Allah ya bar mini shi, direbobi Ba-Jira suke kiransa, kuma ba su yi masa ƙage ba. Mutum ne da ko ruwan wanka ba ya bari ya huce. A wata tafiya tukunyar ƙafar baya ta fara zubar da iska a hanya, sai ya yi dabarar da direbobi da yawa ke yi: ya lanƙwashe tiyon da ke kai mata iska, ya ɗaure da waya tamau. Zuba ta tsaya, agogon iska ya daina sauka, ya iso gida lafiya yana yabon kansa. Da ya kawo motar gareji, birkin ƙafafun gaba kawai ya ce a ɗaure masa, don an riga an yi lodi, masu kaya sai kira suke. Maganar waya kuwa ya haɗiye ta.

An ɗaga hannu, mun yi shiru, ba a ji komai ba. Ina za a ji, tiyo a shaƙe? Suka zaga suka dawo. Ina kallo daga shago, Baba ya bi ƙafafu har ya kai ta baya. Ya kara hannu, ya janye, ya sake karawa. Sai ya durƙusa ya leƙa, ya jima, ya miƙe da guntun waya a hannunsa.

"Ɗana, wannan fa?"

"Baba, ƙafa ɗaya ce kawai. Sauran duk suna kamawa. In na dawo sai a gyara."

"In ka dawo."

"Wallahi jirana ake, Baba."

Bai yi faɗa ba. Ya waiwayo ya kalli shagona, inda ƙaramar 'yarmu ke zaune a dokin ƙofa tana wasa da ƙyallaye, ya ce, "Can ma jiranka ake." Ya ce wa Dogo ya kawo jak. Ranar motar ba ta motsa ba sai da aka sauya tukunya da tiyo, aka kuma ciro layinin maƙwabciyar ƙafar, wanda ya riga ya yi baƙi yana ƙyalli saboda kayan da aka bar masa. Maigidan ya wuni yana kumbure-kumbure, ya shigo shago yana cewa tsohon nan ya fiye tsanani. Na ce masa ya fita ya ba ni wuri, aiki nake.

Da ya dawo daga wannan tafiyar, ya shigo gida bai yi sallamar da ya saba yi da ƙarfi ba. Na ba shi ruwa ya sha. Sai da ya huta ya ba ni labari. Akwai doguwar gangara mai kwana a ƙarshenta. Yana shan kwanar sai ga motar fasinja ta mutu a tsakiyar hanya, mutane sun sauko suna tsaye a bayanta, mata da yara. Hagu rami, dama dutse. Ya ce ya taka birki da ƙafa, da zuciya, da duk addu'ar da ya sani. Motar ta yi kuka, ta durƙusa, kowace ƙafa ta kama. Ta tsaya.

"Akwai wata yarinya a gaban motata," in ji shi. "Har maɓallan rigarta na gani. Ɗaya ya taɓa cirewa, an mayar da shi da jan zare."

Shi da bai taɓa lura da ɗinkin da nake yi ba, ranar ya ga jan zare. Na fita tsakar gida na yi kukana, na wanke fuska na dawo.

Washegari ya je yi wa Baba godiya, ya durƙusa har ƙasa a gaban mutane. Baba ya saurari labarin duka yana goge sifana. Da aka gama sai ya ce, "Alhamdu lillahi. Da ka tsaya, ka duba ƙafafun? Wacce ta fi zafi?" Maigidan ya ce bai duba ba. Baba ya yi tsaki ya ce a kawo motar.

Baba, kai ne mutumin da uwar yarinyar nan ba ta san da shi ba, kuma ba za ta taɓa sani ba. Ta kama hannun 'yarta ta ja ta gefe, ƙila ma ta zagi direba, ta ci gaba da rayuwarta. Kai ne ka kwanta a kan buhu, mai yana ɗiga maka a fuska, don mutanen da ba ka san sunansu ba su kai gida. Ina mamakinka, Baba, kuma ina jin nauyinka. Motoci nawa ka sallama daga layin nan, gangara nawa suka sauka, kwana nawa suka sha? Duk abin da bai faru ba, ba mai ba da labarinsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne kwanan baya, kuma motar maigidan ce dai. An gama aiki, Baba ya fito ya ɗaga hannu, muka yi tsit kamar kullum. Ya bi motar har wutsiya, ya dawo, ya sauke hannu. Amma ni ina jin wani abu. Siriri ne ƙwarai, sss, daga wajen da kan mota ya haɗu da tirela. Na kalli Dogo, na ga ya sunkuyar da kai. Mai walda ma bai tayar da injinsa ba. Kowa ya ji, kowa ya kasa magana. Ta yaya zan gaya wa wannan bawan Allah cewa kunnensa ya tsallake iska? Amma mijina ne zai hau motar.

Na taso na je kusa da shi, na rage murya. "Baba, ka yi haƙuri, kamar har yanzu akwai."

Ya dube ni, ya dubi Dogo. Ya karɓi gwangwanin sabulu da kansa ya ce in nuna masa. Ya shafa a mahaɗar tiyo, kumfa ta taso ƙanana-ƙanana. Ya kai kunnensa har yana taɓa ƙarfen, ya jima a haka. Sannan ya sauya robar mahaɗar, ya sake ɗaga hannu, amma wannan karon mu yake kallo, ba motar ba. Da muka gyaɗa kai, ya hau suka zaga, ya dawo ya bi ƙafafun da bayan hannu har ta ƙarshe. Sai ya goge sifanarsa ya miƙa wa Dogo.

"Haba Baba," in ji Dogo, "ai ko ba a ji ba, sabulu zai nuna."

"Sabulu inda ka shafa shi kawai yake nunawa. Kunne ne yake gaya maka inda za ka shafa." Ya naɗe buhunsa. "Ba zan sallami ɗan wani da kunnen da ya fara yi mini ƙarya ba."

Ba wanda ya kore shi. Da ya so, da ya ƙara shekaru yana ɗaga hannu muna rufa masa asiri, don ba mai iya buɗe baki. Shi ya ƙi. Ni a wurina wannan ya fi duk motocin da ya gyara girma. Da zai wuce ta ƙofar shagona ya tsaya ya ce, "'Yata, kin kyauta. Da kin yi shiru, da ban yafe miki ba."

Mun gode, Baba Mai Birki. Na gode a madadin 'ya'yana da suke da uba, da yarinya mai jan zare, da matan direbobin da suke kasa kunne su ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka huta da daɗi. Ku kuma masu riƙe da sifana, da masu riƙe da sitiyari, ku zubar da ruwan tanki, ku kwance wayar nan daga tiyo, ku nemi ƙafar da ta dawo da sanyi. In ranar ajiyewa ta zo, ku ajiye da hannunku kamar yadda ya yi.

Yanzu Baba yakan zo ya zauna a bencin mai shayi da hantsi, cikin farar riga wadda ni na ɗinka, ba ɗigon mai ko ɗaya. Jiya maigidan zai yi tafiya, Dogo ya gama aiki ya fito tsakiyar hanya ya ɗaga hannu. Na ɗauke ƙafa daga keke. Da na leƙa, na ga Baba ya ajiye kofinsa a hankali don kada ya yi ƙara, ya karkata kai wajen motar. Na san kunnensa ba zai kama iskar ba. Amma bai ɗauki kofin ba sai da Dogo ya sauke hannu.