Kukoki Huɗu a Bayan Gwada

Ƙamshin ƙuli-ƙuli ne ya cika tsakar gidanmu na Limawa ranar. Kakata, mahaifiyar babana, tana gaban kasko, ni kuma ina kan tabarma da kwamfuta a cinya.

A shekarata ta uku a jami'a muka ƙirƙiro wasan, ni da ƙawayena masu karatun taswira. Ɗaya za ta buɗe hoton tauraron ɗan'adam, ta jawo wani fili kusa, sauran su canka: kufai ne, ko tsohuwar ganuwa, ko gona kawai? Alƙalinmu shi ne jerin wuraren tarihi da malaminmu ya raba mana. Ina son wasan sosai, domin daga sama ƙasa kan yi kama da tsohon zane mai faci, kowane faci da labarinsa.

Ranar babu ƙawaye, sai na jawo Kaka. Ta fara da tsiya, wai 'yan boko sun gaji da tafiya a ƙasa, sun koma leƙe kamar shirwa. Daga baya ta goge hannu ta matso, ta tambaya ko abin nawa yana ganin garin Gwada. Na kai ta. Ta sa na bi titi, na sauka gefen wani rafi, har inda ya lanƙwasa. Akwai ɗigo huɗu masu duhu a wurin.

"To malama, canki. Mene ne nan?"

Na ce daji ne. Ta ce gari ne, ɗigon nan kuwa kukoki ne, kuma kuka ba ta cika taruwa haka ba sai inda mutane suka zauna. Na duba jerin malam, babu wurin. Na yi dariya na ce ta faɗi. Ta daɗe tana kallon allon, har ƙuli-ƙulin ya soma ƙauri.

"Idan kin samu hutu, ki kai ni in ga kukokin nan," in ji ta.

Na ce sai bayan jarrabawa. Da ta sake tunawa, na ce damina ta ɓata hanya. Karo na uku ina shirin tafiya bautar ƙasa. Daga nan ba ta ƙara tambaya ba, ni kuma na ɗauka ta manta. Alhali tafiya ce da za a yi da safe a dawo kafin la'asar. Ina can Kudu ta rasu.

Sai bara, da na nuna wa gwaggona hoton, ta gaya mini cewa babana ba shi ne na fari ba. Akwai wata yarinya da ta rasu kafin yaye, tun ƙauyensu na wurin kukokin bai tashi ya dawo bakin titi ba. A gindin kukar gabas aka binne ta. Kunyar 'yar fari ce ta hana Kaka ambatonta, har ta koma ga Allah.